Tsofaffin Na'urorin Wasan Talabijin: Tara Su da Darajarsu a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Kalmar gwanjo tana da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Ta farko ita ce cinikin da akan yi a bainar jama'a, inda mai shela yake ɗaga kaya, masu saye suna ta ɗora tayi bisa tayi, har kayan su faɗa hannun wanda ya fi kowa zurfin aljihu. Ta biyu kuwa ita ce kayan da wani ya riga ya mora ya gaji, aka ɗauro su daga ƙasashen waje, aka baje a kasuwa domin talaka ya sami na rufin asiri. A 'yan shekarun nan an sami wani irin kaya da ya haɗa ma'anonin nan biyu, watau tsofaffin na'urorin wasan da ake jonawa da akwatin talabijin, waɗanda yara suka fi sani da sunan gem. A watan Yuli na 2021 an sayar da kaset guda ɗaya na wasan Super Mario 64, wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba, a kan dala 1,560,000 a wani gidan gwanjo na Amurka. Bisa canjin gwamnati na lokacin, wajen naira 410 kowace dala, kuɗin sun tasam ma naira miliyan 640. A daidai wannan lokaci kuwa, dangin wannan kaset suna nan zube a rumfunan masu gyaran rediyo da buhunan 'yan jari-bola a garuruwan ƙasar Hausa, ba mai ko ɗaga ido ya dube su.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin waɗannan na'urori, da hanyar da suka bi suka iso ƙasar noma ta kudancin Katsina, da kalmomin da suka bar wa harshen Hausa, sa'an nan ta warware abubuwan da suke yanke musu farashi. Daga ƙarshe za a duba ko akwai dalilin da zai sa a adana su, ko da kuwa ba za su taɓa yin tsadar da aka ambata ba.

Asalin Na'urorin

Na'urar wasan talabijin ta farko da aka sayar wa jama'a ita ce Magnavox Odyssey, wadda ta fito a Amurka a 1972 bisa aikin wani injiniya mai suna Ralph Baer, kuɗinta kuwa wajen dala 100 ne. A 1977 kamfanin Atari ya fito da tasa, wadda daga baya aka sa wa suna Atari 2600, a kan dala 199. Abin da ya sa ta yi fice shi ne, wasan yana cikin kaset ne da ake cusawa ana zarewa, saboda haka na'ura ɗaya tana iya ɗaukar wasanni da yawa. Kasuwa ta yi kyau har kowa ya tsunduma cikinta, kaset marasa inganci suka cika kantuna, a 1983 kuwa sai cinikin ya rushe. A wannan shekara kamfanin Atari ya kwashi kayan da suka yi kwantai, ya kai su juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, aka binne.

Daga nan ragamar ta koma Japan. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto tun 1889 yana buga karta, ya fito da Family Computer, ko Famicom a taƙaice, a watan Yuli na 1983 a kan yen 14,800. Ita ce aka sake wa fasali aka kai Amurka a 1985, shekarar da wasan Super Mario Bros. ya fito. Kamfanin Sega ya biyo baya da Mega Drive a 1988. A 1989 aka sami Game Boy, 'yar ƙaramar da ake riƙewa a hannu, mai aiki da batir. A watan Disamba na 1994 kamfanin Sony ya shigo da PlayStation, wadda ta bar kaset ta koma faifai, aka sayar da ita dala 299 a Amurka a 1995. Ƙanwarta PlayStation 2 ta fito a 2000, ita ma a kan dala 299, an kuma sayar da fiye da guda miliyan 155, adadin da ya sa ta zama a sahun gaba cikin na'urorin da aka fi saye a duniya. An daina ƙera ta a farkon 2013.

Yadda Suka Iso Kudancin Katsina

Funtuwa gari ne da auduga da jirgin ƙasa suka gina. Layin dogo ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920 kan hanyarsa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, kamfanin auduga na Ingila, BCGA, kuma ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yawaita takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara. Tun zamanin audugar nan, al'adar manomin wannan yanki ita ce ya sayi abin ƙarfe da kaka, sa'ad da kuɗi suka shigo hannu: keke, ko kwanon rufi, ko keken ɗinki, ko rediyo. Daga baya rediyo mai kaset ya shigo, sai akwatin talabijin, sai na'urar bidiyo, musamman bayan da finafinan Hausa suka fara fitowa daga Kano a 1990. Gem ɗan rakiyar talabijin ne, inda akwatin ya shiga nan yake bi.

Amma kuɗi sun hana shi shigowa ta ƙofar gaba. A 1981, sa'ad da naira ta fi dala ƙarfi, dala 199 ba ta wuce naira 130 ba, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 125 ne a wata. Watau ko a wancan zamani na wadata, Atari guda takan ci albashin wata ɗaya cur na ƙaramin ma'aikaci, tun ba a yi maganar dako da kuɗin kwastan ba. Bayan da aka karya darajar naira a 1986 sai abin ya ƙara nisa. A 2000, sa'ad da dala take wajen naira 100, sabuwar PlayStation 2 ta kama kusan naira 30,000, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha naira 5,500 ne. Wannan ya sa na'urorin suka shigo ta ƙofofi biyu na baya.

Ƙofa ta farko ita ce ta kwaikwayo. Masana'antun Taiwan da Sin sun yi ta ƙera na'urori masu kama da Famicom, masu araha, da sunaye iri-iri, waɗansu har da allon rubutu irin na tafireta domin iyaye su ɗauka kwamfutar koyon karatu ce. Kaset ɗinsu, yawanci rawaya, yakan zo da alkawarin wasanni ɗari ko dubbai, amma in an duba sai a tarar 'yan ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa. Ƙofa ta biyu ita ce ta gwanjo, watau kayan da Turai da Amurka da Japan suka gama da su, waɗanda ake saukewa a Legas, su bi ta kasuwar Alaba zuwa Sabon Garin Kano da Kaduna da Zariya, ko kuwa su sauka a Kwatano su biyo ta Maraɗi da Jibiya. Funtuwa tana kan mararrabar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina, Malumfashi kuma tana kan hanyar da ta haɗa Funtuwa da Katsina da Kano, saboda haka kayan ba su sha wahalar isowa ba.

Da yake gidaje kaɗan ne suke iya mallakar na'ura, ga kuma wutar NEPA ba ta da tabbas, sai sana'ar gidan gem ta kunno kai. Saurayi yakan kama shago, ya sa akwatin talabijin biyu ko uku, da benci, da ƙaramin janareto, yara su biya kuɗi su buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Wasannin faɗa irin su Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992 sun yi tashe, amma ƙwallon ƙafa, musamman Winning Eleven na kamfanin Konami, shi ya riƙe sana'ar. Ranakun salla da lokacin kaka su ne kakar mai gidan gem. Iyaye da malamai kuwa sun yi ta kuka da shi, domin yana ɗauke yaro daga makarantar allo da Islamiyya da aiken gida, wani lokaci ma gasar takan rikiɗe ta zama caca. Shigowar wayar salula a 2001, da wayoyin zamani da suka biyo baya, su suka mayar da wasan cikin aljihun kowa, tsofaffin na'urorin kuma suka koma ƙarƙashin gado.

Kalmomin da Suka Bari

Ɗalibin harshe zai lura cewa Hausa ta karɓi wannan baƙo ta hanyoyin da ta saba. Akwai aro kai tsaye, kamar gem, da adafta, da janareto. Akwai faɗaɗa ma'ana: kaset, wanda da can na waƙa ne da wa'azi, ya ɗauki ma'anar ɗan akwatin wasa, faifai kuma, wanda ya taso daga murfin ƙwarya ya zama na garmaho, ya sake tafiya ya zama na gem. Abin da ake riƙewa ana latsawa ya zama hannu, damar da ɗan wasa yake da ita kafin a kore shi ta zama rai, wanda ya kai ƙarshen wasa kuwa an ce ya cinye. Babban abokin gaba na ƙarshe kuwa ana kiransa bos. Sunan kamfani ma yakan zama sunan jinsi, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu, har a ji yaro yana kiran kowace na'ura mai kaset Sega. Irin waɗannan kalmomi sukan mutu tare da abin da suke nufi, in ba a rubuta su ba.

Abin da Masu Tarawa Suke Nema

Mai tara tsofaffin na'urori ba ya tsayawa ga uwar na'urar kaɗai. Yana neman hannuwanta na asali, da wayoyin jonawa, da adaftar wuta, da katin ajiye wasa, da bindigar roba ta wasan harbin agwagi, da kaset ko faifai. Yana kuma neman kwalin da aka sako ta, da takardar bayanin da ke ciki, har da farar kumfar da aka tallafe ta da ita. Dalili kuwa shi ne, abin da kowa ya fi saurin yarwa shi ya fi ƙaranci bayan shekara 30. Kwali shi ne na farkon shiga wuta ko hannun mai ƙosai, don haka sau da yawa kwalin yakan fi abin da ke cikinsa tsada.

A kasuwannin waje an kasa kayan kashi uku. Akwai tsirara, watau kaset ko na'ura ita kaɗai ba kwali. Akwai cikakkiya, wadda aka yi amfani da ita amma kome nata yana nan. Akwai rufaffiya, wadda ko ledar kamfani ba a yage ba. Tsakanin tsirara da rufaffiya akwai tazara kamar ta jaki da ingarman doki. Wasan Super Mario 64 an sayar da fiye da guda miliyan 11 nasa, tsirararsa kuwa 'yan gomiyoyin daloli ne. Abin da aka biya dala 1,560,000 dominsa shi ne ledar da ba a yage ba, da kwalin da bai lanƙwashe ba, da makin 9.8 cikin 10 da wani kamfanin tantancewa ya ba shi.

Abubuwan da Suke Yanke Farashi

Na farko shi ne ƙaranci. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Super Mario Bros. ya girmi yawancin wasanni, amma an sayar da fiye da guda miliyan 40, saboda haka tsirararsa tana da araha. Kaset mai ruwan gwal da kamfanin Nintendo ya yi domin gasar 1990 kuwa guda 26 ne kacal, shi ya sa masu tarawa suke rububinsa. Haka nan samfurin gwaji na wata na'ura da Nintendo da Sony suka fara ƙerawa tare kafin su ɓata, an sayar da shi dala 360,000 a watan Maris na 2020.

Na biyu shi ne lafiyar kaya. Roba takan yi ja-ja-ja in ta sha rana, takardar da ke manne a kaset takan ɓare, faifai yakan karce, idon da ke karanta faifan kuma yakan dushe. Na'urar da aka buɗe aka dasa mata wani abu domin ta karɓi faifan kwafi, kamar yadda aka yi wa yawancin na gidajen gem, tana da daraja wurin mai sana'a, amma mai tarawa yana ganin an taɓa mutuncinta.

Na uku shi ne asali. Jabu ya yi yawa, har akwai masu buga sabon kwali da sabuwar takarda su manna wa kaset na kwaikwayo. Masana sukan kwance kaset su duba allon da ke ciki da lambobin kamfani kafin su yi tayi. A nan ma gani ya kori ji, kamar dai yadda mai sayen masara yake soka ƙarfe cikin buhu ba ya tsayawa ga abin da ke baki.

Na huɗu shi ne labari. A watan Afrilu na 2014 aka tona jujin nan na Alamogordo, aka zaƙulo kaset wajen 1,300, murɗaɗɗu, cike da ƙasa. Kusan 900 daga cikinsu aka sayar, suka kawo fiye da dala 100,000. Kaset ɗin da ba a binne ba, mai lafiya, bai kai su kuɗi ba, domin labarin aka saya.

Na biyar shi ne marmari. Yaron da ya tsaya a ƙofar kanti yana haɗiyar yawu a 1990, shi ne magidanci mai albashi a 2020, yana kuma son ya mallaki abin da ya gagare shi. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wannan tunawar kuwa ita ce jarin kasuwar. Kamfanonin ma sun gane haka. A 2016 Nintendo ya fito da 'yar ƙaramar na'ura mai siffar tsohuwar, da wasanni 30 a cikinta, a kan dala 60, ta kuwa ƙare a kantuna nan da nan.

Ga mai saye daga Funtuwa ko Malumfashi akwai ƙarin nauyi. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Bisa wannan lissafi, tsohuwar na'urar da ake sayarwa dala 100 a waje ta ci albashin wata biyu, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da la'adar dillali ba.

Hauhawa da Faɗuwa

Ya kamata mai karatu ya dubi yadda farashin rufaffen Super Mario Bros. ya yi tsalle. A watan Fabrairu na 2019 an sayar da guda a kan dala 100,150. A watan Afrilu na 2021 wani ya kai dala 660,000, a watan Agusta na shekarar kuwa aka ba da labarin wanda ya kai dala miliyan 2. Lokacin annobar korona ne, mutane suna zaune a gida, masu kuɗi kuma suna neman inda za su zuba jari. Ba a daɗe ba aka fara zargin cewa akwai masu hannu a cikin tantancewa da cinikin da suke hura farashin da gangan, har maganar ta kai kotu a Amurka a 2022. Daga nan kasuwar rufaffun kaset ta yi sanyi, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka hasara.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Dandume ko Bakori ko Ƙafur. Ɗan kasuwa yakan sayi masara da kaka ya kimshe a sito, yana jiran tsadar damina. Waɗanda suka yi haka bisa tsammanin tsadar 2024 za ta dore, sun ga yadda farashin hatsi ya sauka a 2025. Bambancin kawai shi ne, in masara ta faɗi ana iya tuƙa tuwo da ita, kaset kuwa darajarsa tana rataye ne ga sha'awar wani, in sha'awar ta gushe sai roba ta rage.

Farashi Uku a Gida

A wannan yanki tsohuwar na'ura tana da farashi uku. Akwai farashin aiki, wanda mai gidan gem ko uban da zai saya wa yaransa yake biya, shi kuwa abin da ya dame shi shi ne ta kama, hannuwa su yi aiki, faifan ƙwallo ya tashi. Akwai farashin bola, wanda ɗan jari-bola yake biya bisa nauyi, ko ya musanya da bokiti ko kofin roba, domin abin da yake so shi ne jan ƙarfen waya da allon da ke ciki. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwan Legas ya nuna cewa a 2015 da 2016 ana shigo da wajen tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki kowace shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki kuwa matattu ne tun kafin su sauka. Makomar irin waɗannan ita ce guduma da wuta, hayaƙinsu kuma guba ne ga mai ƙonawa da maƙwabtansa. Na uku shi ne farashin tarihi, wanda ya dogara ga mai saye ya san abin da yake gani.

A nan akwai gargaɗi ta fuska biyu. Kada wanda ya ji labarin miliyoyin daloli ya ɗauka akwai dukiya a ƙarƙashin gadonsa, domin yawancin abin da ya iso ƙasar Hausa kwaikwayo ne, ko kuwa PlayStation 2 da ta cika duniya, ga su tsirara, ga wahalar da suka sha. Kada kuma ya yi gaggawar miƙa wa mai bola kome da kome, gama cikin kayan gwanjon Japan da Turai akan dace da na asali mai kyau, ko kaset da ba a buga da yawa ba. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Duba sunan kamfani da lambar da ke ƙarƙashin na'ura, da kwatanta su da abin da aka riga aka sayar a kasuwannin intanet, aikin 'yan mintoci ne. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka biya aka sallama, domin kuɗin da mai kaya ya yanka fata ne kawai.

Yadda Ake Adana Su

Maƙiyan na'ura a wannan ƙasa su ne ƙurar hunturu, da zafin bazara, da danshin damina, da kyankyaso da ɓera, sai kuma wutar lantarki. Wutar Nijeriya tana da ƙarfin bolt 230, ta Amurka 120, ta Japan kuwa 100. Wanda ya jona tsohuwar adaftar Japan kai tsaye a bango, to, galibi yakan ƙone ta nan take, sai an bi ta na'urar rage ƙarfin wuta. Haka nan tsarin hoton talabijin na Nijeriya da Ingila, watau PAL, ya sha bamban da NTSC na Amurka da Japan, shi ya sa wata na'urar takan nuna hoto fari da baƙi ko mai rawa, alhali lafiyarta lau. Bindigar harbin agwagi kuwa ba ta aiki sai da tsohon akwatin talabijin mai ƙeya, saboda haka mai tarawa na gaskiya yakan ajiye guda.

Dole a cire batir daga duk abin da za a ajiye, domin in ya daɗe yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfe. Waɗansu kaset suna da ɗan batir mai kama da kwabo a ciki, wanda yake riƙe inda ɗan wasa ya tsaya, shi ma yakan mutu, mai gyaran rediyo kuwa yana iya sauya shi da dalma. Hura kaset da baki, wanda kowane yaro ya iya, yana sa haƙoransa tsatsa saboda danshin numfashi. Gara a goge su da auduga da ɗan sifirit. A naɗe kaya a tsumma mai tsabta, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa, kamar yadda manomi yake ɗora rumbu bisa duwatsu.

Dalilin Adanawa

Mutanen Funtuwa sun riga sun ga misalin wannan a kan wani abu da ya fi gem daraja. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya zauna a Funtuwa shekaru masu yawa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a watan Yuni na 1999. Sa'ad da manazarta suka tashi tattara waƙoƙinsa, sai da suka bi gidajen rediyo, da rumfunan masu sayar da kaset, da ɗakunan mutanen da suka ƙi yar da tsofaffin faya-fayan garmaho. Mutanen da aka yi wa kallon masu tara tarkace su suka zama rumbun tarihi. Ba a daidaita waƙar Shata da wasan yara ba, amma darasin ɗaya ne: abin da kowa yake da shi yau, shi ne ba a samu gobe, domin ba wanda ya ga dalilin ajiye shi.

A waje an daɗe da fahimtar haka. An buɗe gidan tarihin wasannin kwamfuta a Berlin ta Jamus a 1997, a 2012 kuma babban gidan adana fasahar zamani na New York ya karɓi wasanni 14 cikin kayansa. A gida akwai gidan tarihi na ƙasa da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, da Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna. Na'urar kwaikwayo mai kaset rawaya, wadda ba ta da kasuwa a Amurka, ita ce ta fi cancantar shiga irin waɗannan wurare, domin ita ce shaidar yadda yaron Bahaushe ya yi wasa a ƙarshen ƙarni na 20, a gefen dara da langa da motar kara. Za ta fi amfani in an haɗa ta da 'yar takarda mai bayyana garin da aka saye ta, da shekarar, da kuɗin da aka biya, da sunan da yara suke kiranta.

Kammalawa

An ga cewa waɗannan na'urori sun taso daga Amurka da Japan, sun iso kudancin Katsina ta hanyar kwaikwayo da gwanjo, sun kafa sana'a, sun kuma bar kalmomi a harshe. An ga cewa ƙaranci, da lafiyar kaya, da asali, da labari, da marmari su suke yanke musu farashi, kuma tsadar da ake jin labarinta ta 'yan ƙalilan ce, tana hawa tana sauka. Wanda yake neman riba a wannan fage sai ya yi hattara. Ga ɗaliban Hausa kuwa akwai aiki a buɗe: masu gidajen gem na farko da masu gyaran rediyon da suka yi ta fama da waɗannan na'urori suna nan da ransu a Funtuwa da Malumfashi, sun san hanyoyin da kayan suka biyo, da kuɗin da aka saye su, da kalmomin da aka yi amfani da su. Hutun ƙarshen zango ɗaya, da littafin rubutu, da na'urar ɗaukar magana, sun isa a fara tattara wannan bayani tun masu shi suna iya tunawa.